Faifan DVD da na buga: a kwamfuta da sauti, a talabijin shiru

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar buga faifai. Na tattara bidiyoyin gidanmu na shekaru, wasu daga tsohuwar kamara, wasu daga waya, na buga wa mahaifinmu a faifan DVD guda biyu, don shi da na'urar DVD ɗinsa ya saba, ba ya jin daɗin kallo a waya. Na farko hoto tangaran, amma ko tari ba a ji. Na biyu akwai sauti, sai dai murya tana riga baki. Da farko daidai suke tafiya, ana yin nisa tana ƙara yin gaba, wajen minti 40 sai ka ji magana ta fito kafin mai ita ya motsa leɓe. Abin da ya ɗaure mini kai, na farkon nan a kwamfuta yana magana lafiya lau. Faifai shida na ɓata zuwa yanzu. Akwai muryar mahaifiyarmu a ciki, Allah ya jiƙanta, ita ce ma dalilin aikin gaba ɗaya. Ina matsalar take?

UmmuSalma:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta. Kafin komai, ka duba wayoyin baya. Rawaya ta hoto ce, ja da fara na sauti. Sau da yawa ɗaya ce take kwancewa ko a sa ta a ramin da ba nata ba.

Abban_Hanifa:
Amin, na gode Hajiya. Na duba. Kuma faifan kamfani idan na sa a wannan na'urar yana magana, shi ma faifai na biyu yana magana, don haka ban zargi waya ba.

Dan_Lantarki:
Gudun bugawa ne. Kada ka buga a 16x, ka sauko 4x. Duk wanda ya kawo mini irin wannan kukan haka nake ce masa.

Injiniya_Bash:
Allah ya gafarta mata. Dan_Lantarki, shawarar rage gudu tana da kyau a wurinta, amma ba ita ce maganin wannan ba. A faifan DVD ba a ajiye hoto gefe guda sauti gefe guda. A cikin fayil ɗin VOB, wato fayil ɗin da DVD yake ajiye bidiyo a ciki, an sassaƙa su ne tare, ƙananan ƙunshi na bayit 2048, na hoto na bin na sauti, na sauti na bin na hoto. Idan bugu ya lalace, duka biyun za su sha wahala: hoto ya daskare ko ya farfashe, sauti ya riƙa yankewa. Amma hoto tsaf daga farko har ƙarshe kuma shiru gaba ɗaya, wannan na'urar ta karanta faifan ne sarai, abin da ta tarar na sauti ne ba ta san yarensa ba.

Abban Hanifa, yi mini abu biyu. Sa faifan farko a kwamfuta ka buɗe shi kamar yadda kake buɗe filashi, ka gaya mana me ka gani. Folda mai suna VIDEO_TS ce da fayilolin VOB da IFO da BUP a ciki, ko kuwa bidiyoyinka ne zube da sunayensu, MP4 ko AVI? Na biyu, ka sauke MediaInfo, manhaja ce ta kyauta mai nuna bayanan fayil ɗin bidiyo, ka jefa mata fayil ɗaya ka karanto mana abin da ta rubuta a ɓangaren sauti.

kb_edita:
Tambayar farko ta Injiniya ita ce ta fi kama mutane. Da yawa suna jan MP4 su zuba a faifai su ɗauka sun yi DVD, alhali faifan ajiya suka yi. Na'urorin da aka rubuta DivX a goshinsu suna iya buɗe wasu fayilolin, musamman AVI mai sautin MP3, amma sautin waya kusan duk AAC ne, tsofaffin na'urori da dama ba su san shi ba. Sai su nuna hoto su yi gum.

Malam_Sani77:
Ni dai nawa da ya yi haka, saitin na'urar ne. Na shiga wajen sauti na canza daga Bitstream zuwa PCM, nan take ya yi magana. Ka gwada kafin ka sake ɓata faifai.

Injiniya_Bash:
Malam Sani, da wace waya ka haɗa taka da talabijin?

Malam_Sani77:
HDMI.

Injiniya_Bash:
To shi ya sa. Wannan saitin yana aiki ne a kan hanyoyin dijital kawai, wato HDMI da kowaksiyal da wayar haske. Idan yana kan Bitstream, na'urar tana miƙa sautin a ƙulle yadda yake a faifai, ta bar wa talabijin ko amfilifaya aikin warwarewa, idan shi kuma bai iya ba sai shiru. Idan ka mayar PCM, ita ce take warwarewa ta miƙa shi a shirye. Amma Abban Hanifa ja da fara yake amfani da su, waɗannan kullum sautin da aka riga aka warware ne yake bi ta cikinsu. Sai dai in DTS ne a faifan, wato wani nau'in sauti na finafinan kamfani, don akwai tsofaffin na'urori da ba sa fitar da DTS ta ja da fara ko kaɗan. Ban zaci bidiyon gida zai zo da DTS ba.

Abban_Hanifa:
Na duba. VIDEO_TS ce, da wata AUDIO_TS wadda babu komai a ciki. Ko ita ce matsalar, sautin bai shiga can ba? MediaInfo kuma ta rubuta MPEG Audio, Layer 2, 44.1 kHz. A hoto ta rubuta NTSC, 720 da 480.

kb_edita:
AUDIO_TS a wofi take a kusan kowane faifan bidiyo, har na kamfani. An tanade ta ne don wani nau'in faifai na kiɗa zalla. Kada ta dame ka.

Injiniya_Bash:
Madalla, ga ɓarawon nan, har ma biyu ne. Ƙa'idar DVD ta bidiyo ba ta san 44.1 ba. Wannan adadin na faifan CD na sauti ne, da VCD da SVCD. DVD 48 kHz yake so, wato a auna sautin sau 48,000 a kowane sakan, sai PCM da aka yarda ya kai 96. Kwamfuta ba ruwanta, duk abin da ka ba ta za ta juya shi ta fitar, shi ya sa ka ji shi lafiya a can. Na'urar tebur kuwa an gina ta ne a kan ƙa'ida. Wata ta yi haƙuri ta karanta, wata ta karanta shi da gudun 48 muryoyi su siranta kowa ya koma magana da sauri, wata ta yi shiru.

Na biyu, MP2, wato MPEG Audio Layer 2 ɗin da ka karanto, a faifan NTSC. NTSC da PAL tsare-tsaren hoton talabijin ne guda biyu. A tsarin PAL an yarda da MP2, amma a NTSC abin da aka wajabta wa na'ura ta iya shi ne AC-3, wanda ake kira Dolby Digital, da PCM. Da yawa suna karanta MP2 ɗin duk da haka, amma ba dole ba ne a kansu.

Magani ɗaya ya kashe duka: ka mayar da sautin AC-3, 48 kHz, sitiriyo, kilobit 192 ya ishi magana. Babu na'urar DVD da ba ta san wannan ba. Ba sai ka sake matse hoton ba, sautin kawai za ka canza ka sake haɗa faifan.

MaiKamara:
A kula da wani tarko a nan. Mayar da 44.1 zuwa 48 iri biyu ne. Akwai sake auna sautin da gaske, akwai kuma canza lambar kawai a bar sautin yadda yake. Na biyun shi ne yake sa sauti ya ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, a awa ɗaya ya tsere wa hoto da fiye da minti biyar. A Audacity, manhajar gyaran sauti, ka nemi Resample, kada ka taɓa wajen da ake canza Rate na layin sautin.

Hajiya_Turai:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ga masana sun taru. Ni nawa faifan kiɗan baya yana fita, ƙarar mota da ta ƙofa duk ana ji, amma maganar mutane can ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya. Ɗana ne ya buga mini shi daga wani shiri da ke kwamfutarsa. Sai na ƙure talabijin kafin in tsinci kalma, kiɗa na shigowa kuma gidan ya ɗauka.

kb_edita:
Hajiya, wannan alamar sautin 5.1 ce. An raba shi gida shida, kuma kusan duk magana tana sifikar tsakiya. Idan bayan na'urarki akwai ramukan sauti guda shida, aka sa ja da fara a na gaba hagu da dama, to tsakiyar ba ta zuwa talabijin sam. A nemi ramuka biyun da aka ware don sitiriyo, ko a shiga saiti wajen Downmix a zaɓi Stereo. Idan akwai DRC ko yanayin dare a kunna, yana rage tazara tsakanin ƙara mai ƙarfi da magana.

Dan_Lantarki:
Ko kuma maɓallin karaoke ne a rimot. Akwai na'urorin da ke da wajen rage muryar mawaƙi, yara suna dannawa ba a sani ba. A duba shi ma, da maɓallin L/R.

Hajiya_Turai:
Allah ya saka da alheri. Ramuka shida ne kuwa. Bari yaron ya dawo ya duba mini.

Abban_Hanifa:
Injiniya, na gode ƙwarai, zan gyara na farkon yau da dare. To na biyun fa, mai riga baki? Shi MediaInfo ta ce AC-3 ne 48, don da wata manhaja daban na yi shi.

MaiKamara:
Saɓanin baki da murya kashi biyu ne, kuma ka riga ka faɗi naka. Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, a ce rabin sakan ko'ina, wannan mai sauƙi ne, tura sautin gaba ko baya kawai za a yi. A VLC, manhajar kallon bidiyo a kwamfuta, kana danna J da K, kowane danni yana matsar da sauti kashi 50 cikin dubu na sakan, har ka ga ya zauna, sai ka rubuta adadin ka sa shi a Avidemux, manhajar gyaran bidiyo. Amma idan tazarar tana girma, to tsawon hoto da tsawon sauti ne ba ɗaya ba, turawa ba za ta yi ba. Ka gyara farko, ƙarshe ya ɓaci.

Ina kyautata zaton bidiyon waya ne. Waya ba ta ɗaukar hoto da adadi tsayayye. Tana cewa 30 a sakan, amma wuri ya yi duhu ko ta yi zafi sai ta rage, haske ya dawo ta koma. DVD kuwa tsayayyen adadi yake so, 25 a PAL, 29.97 a NTSC. Manhajar da ba ta lura da wannan ba sai ta jera hotunan kamar duk tazararsu ɗaya. Ka fara wuce da bidiyon ta manhajar HandBrake ka zaɓi Constant Framerate, wato tsayayyen adadin hotuna, sannan ka kai shi wajen haɗa DVD.

Injiniya_Bash:
MaiKamara, ban ƙi taka ba, amma lissafin bai nuna haka ba. Abban Hanifa, a minti 40 ɗin nan, sakan nawa ne tazarar a kiyasinka?

Abban_Hanifa:
Na auna da tafi da wani yaro ya yi a bidiyon. Tsakanin sakan biyu da uku.

Injiniya_Bash:
To ku duba. Girman tazara yana faɗin sunan ciwon. Hoto mai 30 cif idan aka kunna shi a 29.97 ba tare da an daidaita sauti ba, bambancin ɗaya ne cikin dubu, sakan 3.6 a awa. A minti 40 ya zama sakan 2.4. Kuma hoton ne yake yin nawa, don haka murya ce za ta riga, daidai da abin da ya faɗa. Da 23.976 ne aka kai 25, da tazarar ta kai wajen minti biyu da rabi a awa. Da waya ce ta zubar da hotuna aka matse sauran, hoton ne zai gajarta ya riga murya, ba murya ta riga shi ba.

MaiKamara:
Lissafinka ya yi kyau Injiniya, amma ka ɗauka bidiyo ɗaya ne dogo. Ya ce tattarawa ya yi, guntaye ne da yawa aka jona. Na sha ganin inda kowane guntu sautinsa ya gaza hotonsa da ɗan ƙanƙanin abu, idan aka jona ashirin ko talatin sai ragowar ta taru, murya ta riƙa yin gaba a kowace mahaɗa. Wannan ma yana ba da sakan biyu zuwa uku, kuma ta wannan ɓangaren.

Injiniya_Bash:
Gaskiya ne, wannan ma yana yiwuwa. Hanyar rabewa: ya kalli guntu ɗaya mai tsawo a cikin faifan. Idan tazarar tana ƙaruwa a tsakiyar guntun, tawa ce. Idan tana tsaye sai an tsallaka mahaɗa take ƙaruwa, taka ce.

Zainab_AK:
Tambaya daga gefe. Me ya sa ma ya zaɓi NTSC? Ni an ce mini PAL ya fi kyau.

kb_edita:
PAL ya fi yawan layuka, 576 a kan 480, NTSC ya fi yawan hoto a sakan. Abin dubawa shi ne wanda talabijin da na'urar gidan suke karɓa, sannan da adadin da aka ɗauki bidiyon. Abin da aka ɗauka a 30 ya fi zama lafiya a NTSC, wanda aka ɗauka a 25 ko 50 ya fi zama a PAL. Na'urorin PAL galibi suna karanta NTSC, amma na ƙasashen NTSC kamar Amurka da Japan ba lallai su karanta PAL ba. Matsalar Abban Hanifa ita ce kayansa gauraye ne, na kamara da na waya, dole wani ɓangare ya sha juyi. Ni da zan raba su, kowane guntu ya zama take mai zaman kansa a menu maimakon a narka su wuri ɗaya. Hakan ma yana kashe matsalar mahaɗa da MaiKamara ya kawo, don kowane take yana fara lissafin lokacinsa daga sifili.

Baba_Audu:
'Ya'yana, duk wannan wahalar ta mece ce? A zuba a filashi a soka a talabijin mana.

Abban_Hanifa:
Baba, talabijin ɗin tsohuwa ce, ba ta da wajen filashi, na'urar ma haka. Kuma shi tsoho ya iya sa faifai ya danna da kansa, ba sai ya jira wani ya zo ba. Wannan ne nake so ya samu.

Baba_Audu:
To na fahimta. Allah ya yi maka albarka. Amma ka ajiye asalin bidiyoyin a wuri biyu, faifan da aka buga a gida ba ya daɗewa kamar na kamfani, rana da zafi suna cin sa.

Dan_Lantarki:
Tunda an ce gudun bugawa ba shi ne na wannan ba, na karɓa. Amma kada a watsar da maganar. Duk faifan da sautinsa yake tsinkewa yana dawowa, hoto na tsayawa tare da shi, musamman can wajen ƙarshe, to faifan ne ko idon na'ura. Ana rubutu daga tsakiya ne zuwa baki, kuma bakin ne ya fi rauni a faifai maras kyau. Kada a cika shi taf da gigabayit 4.7 ɗin nan da yake ɗauka, a bar ɗan sarari. A buga a 4x ko 8x, a bar ImgBurn, manhajar buga faifai, ta sake karanta shi bayan bugu don ta tabbatar. Kada a manna takarda a bayansa, tana sa shi rawa idan yana juyawa. Idan na kamfani yana yi na gida yana sarƙewa, sau da yawa idon ne ya fara gajiya, don faifan gida ba ya mayar da haske kamar na kamfani. Wasu tsofaffin kuma sun fi shiri da DVD-R a kan DVD+R.

Injiniya_Bash:
Wannan duk haka yake. In ƙara ɗaya mai kama da shi wanda ba laifin faifai ba ne: DVD yana da iyakar abin da zai iya zubowa a sakan, megabit 10.08 hoto da sauti a haɗe. Wanda ya zaɓi PCM, shi kaɗai yana cin kilobit 1536, idan kuma ya ƙure hoton zuwa 9 da wani abu, ya haura iyaka, na'ura ta riƙa shaƙewa a wuraren da motsi ya yi yawa. Wani dalilin ke nan da nake cewa AC-3.

UmmuSalma:
Abban Hanifa, shida ka ce ka ɓata. Ka nemi DVD-RW guda ɗaya mai gogewa ka riƙa gwaji da shi, in na'urar Baba tana karɓarsa. Kuma ba sai ka buga awa guda ba, minti biyar ya isa ka ji ko akwai sauti.

Hajiya_Turai:
Na dawo da godiya. Yaron ya mayar da wayoyin ramin sitiriyo, magana ta fito rangaɗau. Allah ya ƙara basira.

Abban_Hanifa:
Alhamdu lillahi, faifan farko ya yi magana. Na mayar da shi AC-3 48 kamar yadda Injiniya ya ce, na haɗa da DVDStyler, na gwada foldar a VLC kafin in buga. Da muryar Mama ta fito tsoho bai ce komai ba, sai da ya ƙare ya ce a sake sa masa. Allah ya biya ku duka.

Na biyun har yanzu da saura. Na kalli guntu mafi tsawo, minti goma sha ɗaya ne, kuma ina ganin kamar tazarar ta ɗan ƙaru a cikinsa, amma kaɗan ce, ban iya rantsewa ba.

kb_edita:
Masha Allah. Sai dai da ka canza ɗaya-ɗaya da mun san wanne ne ya hana shi magana, 44.1 ɗin ko MP2. Ni har yanzu ina zargin 44.1 kaɗai, don na sha buga MP2 a NTSC yana yi.

Injiniya_Bash:
A na'urarka yake yi, kb. Tasa daban. Game da na biyu, a minti goma sha ɗaya lissafina zai ba da kusan kashi biyu cikin uku na sakan, wannan ido yana iya gani idan akwai tafi ko rufe ƙofa kusa da ƙarshen guntun. Ka nemi irin wannan a farkonsa da ƙarshensa ka auna da J da K.

MaiKamara:
Kuma ka jefa asalin guntun na waya a MediaInfo, ba na faifan ba, ka duba layin Frame rate mode ka gaya mana Constant ya ce ko Variable. Idan Variable ne, ka turo mafi ƙanƙanta da mafi girman adadin da ta nuna a ƙasansa.

Abban_Hanifa:
To, asalin yana wayar ƙanwata, sai ta turo mini gobe in Allah ya kai mu. In ce ta turo ta WhatsApp ko hakan zai canza shi?

MaiKamara:
Zai canza shi idan ta tura a matsayin bidiyo, don matse shi ake yi. Ta tura a matsayin dokumen, ko ku haɗa wayar da kwamfuta da kebul ku kwafa kai tsaye.